Garin Neman Ƙiba: Ci da Ƙin Ci Tsakanin Ƴan Matan Gaya

A duk faɗin ƙasar Nijar babu inda ruwan sama ke sauka kamar yankin Gaya, can ƙarshen kudancin jahar Doso, inda damina mai kyau takan ba da milimita 800 ko fiye. Ga kogin Isa ya ratsa, ga fadamun Dallol Mauri da na Foga. Shinkafa, rake, rogo, dankali, kifi da giginya, duk Allah ya hore wa ƙasar Dandi. Saboda haka idan aka ce akwai matsalar abinci tsakanin ƴan matan wannan yanki, mai ji zai zaci ko ambaliya ce ta cinye gonaki, ko kuwa hatsi ne ya yi tsada a kasuwa. Matsalar da ake nufi a nan daban take. Ga hatsi a rumbu, ga tukunya bisa murhu, amma an ɓata tsakanin yarinya da abinci: wata tana ɗura wa cikinta abin da ya fi ƙarfinsa da taimakon ƙwayoyi, wata ta koma cin ƙasa, wata kuwa ta kama bakinta har ta zama ƙashi da rai.

Likitoci sun daɗe da sanin waɗannan ciwace-ciwace. Tun shekarar 1873 William Gull a Ingila da Charles Lasègue a Faransa, kowa da nasa binciken, suka bayyana ciwon ƙin cin abinci wanda ake kira anoreksiya. A 1979 wani likitan Ingila, Gerald Russell, ya bayyana ɗan'uwansa bulimiya, watau mutum ya ci ba ƙaƙƙautawa, sa'an nan ya tilasta wa kansa amai ko ya sha maganin zawo don kada abin ya zauna masa a jiki. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne suke fama da irin waɗannan ciwace-ciwace, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. An daɗe ana cewa wannan cutar Turawa ce, cutar ƙoshi. Amma tushen ciwon ɗaya ne ko'ina, watau yarinya ta ƙi jikin da Allah ya ba ta don jama'a sun nuna mata wani. Abin da ya bambanta shi ne siffar da kowace al'umma take so, kuma a bakin kogin Isa siffar nan har gobe ƙiba ce.

Inda son ƙiba ya samo asali

Ba a ganin laifin mutanen da suka san yunwa don sun so ƙiba. Tsofaffi sun gaji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyaye sun ga farin 1973 da 1974, sun kuma ga na 1984 wanda aka laƙaba wa suna El-Buhari, domin ya zo daidai da rufe iyakokin Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi a watan Afrilu na wannan shekara. Ba a sake buɗe su ba sai a Maris na 1986, kuma mutanen Gaya da na Kamba ba su manta ba. A ƙasa irin wannan jikin mace allo ne, a kansa unguwa take karanta arzikin gida. Mace mai jiki shaida ce mijinta yana ciyarwa, uwarta kuma ta iya reno. Ramammiya kuwa, ko ba ta buɗe baki ba, ta kai ƙarar mijinta gaban jama'a. Daga 1987, shekarar da aka fara tabbatar da cutar sida a Nijar, rama ta ƙara samun wani mugun suna, har budurwar da aka halitta siririya ta shiga tsoron kada a nuna ta da baki.

Al'adar ɗura tsohuwa ce. Zabarmawa suna da hangandi, inda mace takan ware kanta tana shan fura da nono ba dare ba rana don ta fito gaban ƙawayenta ta yi fice. Hausawa suna da nasu a lokacin jego, da kunun kanwa da gasasshen nama har kwana arba'in. A arewa abin ya fi tsanani. Wata masaniyar al'adu, Rebecca Popenoe, wadda ta zauna cikin Larabawan Azawak ta kuma wallafa littafinta a 2004, ta nuna cewa can tun yarinya tana famfara ake soma ɗura mata nono da kunu. A Muritaniya binciken lafiyar jama'a na 2000 zuwa 2001 ya sami kimanin mace ɗaya cikin biyar an taɓa yi mata ɗura. Wannan al'ada tana da nata lahani, ba a musu. Sai dai aƙalla abinci ne ake ci, akwai tsohuwa da ke lura, akwai kuma ranar da ake bari.

Daga ƙwarya zuwa ƙwaya

Yau nono ya yi tsada, haƙuri ya yi ƙaranci, ƙwaya kuwa araha gare ta. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, farashin magungunan da ake shigowa da su ya tashi, talaka ya juya wa farmasi baya ya koma wurin mai tallar magani a faranti ko a kwali. Tun 2001 jaridar New York Times ta Amurka ta ba da labarin yadda matan Maraɗi suke shan ƙwayoyin ƙiba, har da waɗanda aka yi domin kiwon dabbobi. Abin da ake samu a Maraɗi ba ya wuyar samu a Gaya, garin da ke tsakanin Kamba ta jahar Kebbi da Malanbil, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Benin, wanda kuma ya kasance mashigin kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano tun da aka gina gadar kogi a 1958 har aka toshe ta a 2023.

Sunan da jama'a suka ba waɗannan ƙwayoyi ya isa gargaɗi: sha ka fashe. Galibi iri biyu ne, kuma sau da yawa haɗa su ake yi. Na farko shi ne siproheptadin, wanda aka yi domin ƙaiƙayi da atishawa da ɓorin jini. Yana buɗe ciki, yana kuma sa barci, shi ya sa mai shansa ba ta da aiki sai ci da kwanciya. Ƴar makarantar da ke gyangyaɗi tun ƙarfe tara na safe, malami yana yi mata kallon raggo, wataƙila wannan ne a jikinta. Idan aka daɗe ana sha yana iya taɓa hanta. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani ruwan magani mai suna Apetamin da ke ɗauke da shi, domin can ma ƴan mata sun afka masa.

Na biyu ya fi haɗari, shi ne deksametazon. Magani ne na gaske, mai daraja a hannun likita, ana ba mai fuka da mai kumburi mai tsanani, kuma a 2020 masu binciken jami'ar Oksfod suka tabbatar yana ceton waɗanda cutar korona ta kai ga neman iska. Amma abin da yake yi wa jikin mai lafiya ba ƙiba ba ne. Yana riƙe ruwa da gishiri a jiki, ya tara kitse a fuska da ƙeya da ciki, ya kuwa cinye tsokar hannu da ta ƙafa. Cikin ƴan makonni sai kumatu su cika, fuska ta yi zagaye kamar faifai, ƙawaye su ce amarya ta yi kyau. A ƙarƙashin wannan kyau jini yana hawa, sukari yana hawa, fata tana tsagewa da nankarwa, haila tana rikicewa, ƙashi yana zama kamar rauno. Garkuwar jiki kuma takan faɗi, har tarin fukan da ke kwance ya tashi, ƙaramin miki ya ƙi warkewa.

Akwai wani abu da ya wajaba kowane magidanci da kowace uwa su sani. Bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka da ke samar wa jiki sinadarin da wannan ƙwaya take kwaikwayo. In aka yi makonni ana shan ƙwayar sai tsokar ta yi barci, domin an ɗauke mata aiki. Ranar da aka bari farat ɗaya, jiki ba shi da na waje ba shi da na gida: jini ya faɗi, amai ya zo, jiri ya ɗauki yarinya, wani lokaci har rai ya yi halinsa. Saboda haka uban da ya gano ƙwayoyin nan ƙarƙashin katifar ɗiyarsa ya kwashe ya zuba a masai cikin fushi, zai iya jawo abin da yake gudu. Hanya ita ce a kai ta gidan likita tare da kwalin maganin, majo ko likita ya riƙa rage mata kaɗan-kaɗan har tsokar ta farka.

A nan ne kuma abin yake tashi daga kwalliya ya koma ciwo. Da zarar ta rage sha, kumburin ya saɓe, kowa ya tare ta da tambaya: lafiya kuwa, me ya same ki? Sai ta koma. Tun tana shan ɗaya har ta kai uku, tun tana ci don yunwa har ta kai tana ci tana kuka. Ba ta ganin jikinta yadda yake, kullum gani take ta rame. Wannan ita ce ainihin alamar da likitocin ƙwaƙwalwa suke gani ga mai anoreksiya, sai dai ita tana tsoron ƙiba, wannan kuwa tana tsoron rama. Kundin cututtuka na Ƙungiyar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ba ciwon ci ba ƙaƙƙautawa gurbinsa, ya ba cin abin da ba abinci ba nasa, amma bai ware wa shan ƙwayar ƙiba wani suna ba. Abin da ba shi da suna kuwa ba ya shiga rajista. Yarinya za ta zo, a rubuta hawan jini ko ciwon sukari, rahoto ya tafi Doso ya wuce Yamai, babu wanda ya ga sanadin.

Wane ne mai saye? Sau da yawa ba yarinyar ba ce ta fara. An sa rana, saura wata biyu, gwaggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, ke ɗiyar nan, haka za a kai ki gidan mutane kamar sillen kara, a ce ba mu ba ki abinci? Washegari an aiki ƙane kasuwa. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuwa kafin su cika 15. Watau jikin da ake ɗura wa ƙwayar nan bai ma gama tsayi ba, ƙugu bai gama buɗewa ba, kuma a shekarun nan ne ƙashi yake tara ƙarfin da zai ɗauki mace har tsufa. Bayan wata goma ko shekara ana jiran ta haihu. Mazan da ke zaune a fada suna dariyar ramammun mata suna cewa ba ruwansu da sha'anin cikin gida, da sun san iyakar nisan da dariyar tasu take zuwa, da sun rage.

Samari ma ba su tsira ba. Akwai masu neman ƙirji da ƙwanji irin na ƴan kokowa ta hanyar ƙwaya, akwai kuma ƴan kabu-kabu da masu dako da tramol ya kashe wa sha'awar abinci, su wuni a kan shayi da sigari.

Cin ƙasa

Wannan kowa ya san shi, shi ya sa ba a ɗauke shi ciwo ba. Farar ƙasa ana sayar da ita a fili, mai ciki tana ci ana cewa kwaɗayi ne, budurwa tana ɓantarar bango ko ta tauna gawayi ko ɗanyar shinkafa a yi mata tsawa a wuce. Likitoci sun lura da yawa daga cikin masu wannan hali ƙarancin jini ke damunsu, kuma binciken 2012 ya sami kashi 46 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini. Abin takaici, ƙasar da ake ci tana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, jinin ya ƙara raguwa, kwaɗayin ya ƙara tashi. Ga tsutsar ciki, ga gubar dalma da akan samu cikin wasu irin ƙasa. Cikin dukan matsalolin nan wannan ce mafi sauƙin magani: a auna jini, a ba da ƙwayar ƙarin jini da maganin tsutsa, sau da yawa kwaɗayin ya tafi da kansa.

Iskar da ke tasowa daga wani gefe

Mai karatu zai ce to, ƙin ci dai ba zai sami wuri a ƙasar da ake son ƙiba ba. Haka mutanen tsibirin Fiji suke tsammani, su ma masu son mace mai jiki ne. A 1995 talabijin ya isa lardin Nadroga, kuma wata likita, Anne Becker, ta tambayi ƴan matan sakandare a wannan shekara, ba ta sami ko ɗaya mai jawo wa kanta amai don ta rame ba. Da aka koma a 1998, kashi 11 cikin ɗari suna yi. Shekara uku kawai. Abin da talabijin ya yi a Fiji, wayar hannu tana iya yin fiye da shi, domin ita tana shiga har cikin gidan sauro. Ƴar kwalejin Gaya tana kallon fina-finan Indiya da na Kano, tana kallon TikTok, kuma siffar da ake nuna mata yanzu ta fi ta da wuyar samu: ciki a shafe, ƙugu a cike. Don haka ake samun wadda ke shan sha ka fashe da dare, da safe ta sha shayin rage tumbi, wanda yawancinsa maganin zawo ne aka canza wa kwali. Faransa tun 2017 ta tilasta a rubuta a jikin hoton talla idan an gyara siffar mai hoton da na'ura. Hoton da ke isowa Gaya ba ya zuwa da wannan rubutu.

Wani binciken da ya fi kusa da gida shi ne wanda aka buga a 2004 a kan ƴan makaranta mata 668 a arewa maso gabashin Gana. An sami goma da suka rame ƙwarai saboda hana kansu abinci, kuma ba su ce suna tsoron ƙiba ba, sun ce ibada suke yi, suna horon rai. Wannan darasi ne ga iyaye da malaman addini. Yarinyar da ke jera azumin nafila ba hutu, in an sha ruwa ta taɓa kaɗan ta ture, tana dafa wa kowa ita ba ta ci, hailarta ta ɗauke, tana jin sanyi cikin bazara, ba lalle tsoron Allah kaɗai ke aiki ba. Shari'a kanta ta hana haɗa azumi kwana da kwanaki ba buɗa baki. A gida akan ce aljanu ne, ko sammu, ko ba ta son mijin da aka zaɓa mata. Na ƙarshen nan wani lokaci gaskiya ne, domin yarinyar da ba ta da ikon cewa a'a a kan komi takan tarar bakinta kaɗai ya rage mata. Duka ba ya maganinsa, ɗura ma ba ta yi. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma wanda ya daɗe bai ci ba, in aka cika masa ciki rana ɗaya zuciyarsa tana iya tsayawa. Sai a gidan likita, a hankali.

Abin da ke hannun hukuma

Game da fataucin magani, an yi yunƙuri. A Fabrairun 2017 hukumomin Benin suka afka wa kasuwar magunguna ta Ajegunle a Kwatano suka kwashe fiye da tan 80. A Janairun 2020 Nijar tana cikin ƙasashe bakwai da suka amince a Lome cewa za su ɗauki fataucin jabun magani babban laifi. Nijar tana da dalilinta, domin a annobar sanƙarau ta 1995 dubban mutane aka yi wa allurar rigakafi ta jabu. Sai dai deksametazon ba jabu ba ne, halattaccen magani ne da ya ɓace hanya, kuma kwalin da zai ishi unguwa guda yana shiga aljihun riga. Ba a hana shi shigowa, domin mai fuka yana bukatarsa. Abin da doka take iya yi shi ne ta tsaya a kan kada a sayar sai da takardar likita, ta kuma bi mai sari kafin ta bi yaron da ke yawo da faranti.

Sauran aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ma'auni da tsinken awon tsayi a kowace kwaleji, a auna ɗalibai farkon shekara da ƙarshenta, zai nuna wadda ta hau kilo goma cikin wata uku da wadda ta sauke. Ungozoma a wurin awon ciki tana iya ƙara tambaya ɗaya, wace ƙwaya kike sha ba da izinin likita ba, ta kuma yi ta cikin sirri, ba gaban uwar miji ba. Likitocin ƙwaƙwalwa ƴan kaɗan ne, yawancinsu suna Yamai, kilomita wajen 300 daga Gaya, saboda haka majo na ƙauye shi ne zai fara gani, shi ya kamata a koya wa bambancin ƙiba da kumburi. Azuzuwan yaƙi da jahilci kuwa, inda iyaye mata da gwaggwanni suke zama da kansu, sun fi kowane taro dacewa da wannan magana, da Hausa da Zabarmanci da Dandanci, a kuma koya musu karanta sunan da ke jikin kwali.

Wanda yake tsammani rufe iyaka zai wadatar, ya tuna da 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka toshe gadar Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil makonni da watanni, magunguna suka yi wuya a farmasi. Amma jiragen kwale-kwale suka ɗauki aikin gada, suna kai mutane suna kawowa da jakunkunansu, kuma babu ɗan duwan da zai iya buɗe kowace jaka a kowane mashigi.